Haƙarƙarina a Karan Hancina: Littafin Jinyar Wani Tela a Gombe

Asabar, 12 ga Oktoba, 2024

Jibi Litinin za a shiga da ni ɗakin tiyata, a gyara mini karan hanci da guringuntsin haƙarƙarina. Na ƙudura in riƙa rubuta abin da ya biyo baya, domin da na tashi neman wanda aka taɓa yi wa irin wannan aiki in tambaye shi yadda ya ji, kaf Gombe ban samu ko mutum ɗaya ba.

Shekara uku ke nan da achaɓa ya zubar da ni a hanyar Pantami, na daki kwalta da fuska. Haɓo ya tsaya a ranar, kumburi ya sauka bayan mako biyu, ni kuma na ɗauka magana ta wuce. Ban je asibiti ba, gashi da ruwan zafi kawai aka yi mini a gida. Sannu a hankali tsakiyar karan hancina ya riƙa lotsawa har ya koma kamar sirdi, numfashi ya dawo ta baki. Minsharina kuwa, uwargida ce za ta ba da labarinsa.

Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya zana mini abin a takarda. Akwai shamaki da ya raba ƙofofin hanci biyu, guringuntsi ne a gabansa, shi ne kuma yake tallafe da karan hanci. Guringuntsi ba shi da jijiyar jini tasa ta kansa, daga fatar da ke manne da shi yake samun abinci. Lokacin da na faɗi, jini ya taru ya shiga tsakaninsu, guringuntsin ya rasa abinci, ya mutu, ya narke. Ya ce da na zo a kwana ɗaya ko biyu na farko an tsaga an zubar da jinin, da ba mu kai ga wannan ba. Na yi shiru, ban da amsa.

Wuri uku ake ɗebo guringuntsi a jikin mutum don gyaran hanci. Na shamakin hanci, nawa ya riga ya tafi. Na kunne, yana da laushi kuma a lanƙwashe yake, ba ya yin ginshiƙi. Saura na haƙarƙari, mai yawa mai ƙarfi, amma da nasa sharaɗin: ciwon ƙirji, tabo, kuma yakan karkace bayan an dasa shi. Ya ƙara da cewa idan mutum ya manyanta, guringuntsin haƙarƙarinsa yakan taurare har ya yi wuyar sassaƙawa. Ni shekarata 36, da sauran dama.

Inna ta ƙi yarda da farko, wai canza halittar Allah ne. Sai da malaminmu na karatun magariba ya zo har gida ya ba ta labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare masa hanci a yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya umarce shi ya sa na zinare. Ya ce gyara abin da ya lalace daban, neman ƙarin kyau daban. Inna ta ce, "To, ɗan nan, Allah ya sa a tashi lafiya."

Kuɗi zuwa yau: hoton sikanin naira 65,000, gwaje-gwajen jini 28,000, kuɗin aiki da kwanciya 690,000. Na kwashi adashina, Yaya ya cika 250,000, na kuma sayar da tsohon keken saƙa wuya.

Alhamis, 17 ga Oktoba

An yi aiki, an tashi lafiya, yau aka sallamo ni. Abin mamaki, hancin da aka yi dominsa ba shi ne mai ciwon ba. Ƙirji ne. Yankan bai kai tsawon ɗan yatsa ba, a ƙarƙashin nonon dama, amma in na yi tari ko dariya sai in ji kamar an soka mini almakashi an buɗe. Tashi daga kwance sai da dabara, in mirgina gefen hagu, in dafa gado, in tashi kamar tsohon da ya haura tamanin. Nas ta koya mini in rungumi matashi a ƙirji kafin in yi tari, kuma ta hana ni ƙin yin dogon numfashi don tsoron ciwo, wai huhu yana bukatar buɗewa.

Washegarin aiki an ɗauki hoton ƙirji. Likita ya ce fatar da ta lulluɓe huhu tana dab da bayan haƙarƙari, in aka huda ta iska takan shiga ta danne huhun. Tun a ɗakin tiyata sukan cika ramin da aka ɗebi guringuntsin da ruwa, a hura huhu, a duba ko kumfa za ta taso. Nawa ba ta taso ba, hoton ma ya fita lafiya.

Kwana biyu hancina a cushe da auduga, ina shaƙar iska ta baki, leɓe ya bushe ya tsattsage. Ƙasan idanuna ya kumbura ya yi baƙi. 'Yar autata ta leƙo ta gan ni, ta fashe da kuka ta gudu bayan mahaifiyarta.

Dokoki: ba fyace majina, in atishawa ta zo a buɗe baki, a kwana da matashi biyu ko uku, ba sunkuyo, ba ɗaukar kaya, ba asfirin saboda zubar jini. Salla a zaune nake yi, ina nuni da kai.

Talata, 22 ga Oktoba

An cire marfin da aka ɗaure karan hanci da shi, an kuma zare ɗinkin da ke ɗan ginshiƙin tsakanin ƙofofin hanci. Ni da sana'ata ɗinki ce na leƙa madubi don in ga hannun wani, kuma gaskiya zaren ya fi gashin kai siranta, tazarar ma daidai.

Hancin kuwa, da na gan shi gabana ya faɗi. Lotsawar ta tafi, amma abin ya yi suntum kamar dankalin Hausa, yana ƙyalli. Likita ya yi dariya ya ce, "Malam, ba hancinka kake gani ba, kumburi kake gani." Ya ce mai kaurin fata irina, kan hancin yakan ɗauki shekara ɗaya ko ɗaya da rabi kafin ya gama sauka, daga sama yake farawa, tsinin ne na ƙarshe.

Na kai yatsa na taɓa tsinin. Yatsan ya ji hanci, hancin bai ji yatsa ba. Kamar na taɓa hancin wani. Wannan ya fi kumburin tayar mini da hankali. Amma a kan hanyar gida na rufe baki na ja iska ta ƙofar dama, ta wuce har can ciki da sanyinta. Rabona da jin haka shekara uku.

Magani da kayan wanke hanci: 21,500.

Laraba, 30 ga Oktoba

Baƙin ido ya washe. Wanke hanci sau uku a rana da ruwan gishiri, ruwan sai an tafasa ya huce, da sirinji marar allura. Ƙirji da sauƙi in ba atishawa ba.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na koma shago, zama kawai da yanka, yara na ɗinki. Matsalar da ban yi tunaninta ba ita ce tabarau. Ba na iya zura zare a allura ko karanta awo sai da shi, an kuma hana ni ɗora shi a karan hanci har mako shida, don nauyinsa na iya danna abin da bai gama kamawa ba. Babban yaron shagona ya samo dabara, ya ɗaura siririn zare a tsakiyar tabarau ya maƙale shi da fil a gaban hulata, sai ya zama yana lilo a gaban idona bai taɓa hanci ba. Duk wanda ya shigo sai ya yi dariya. "Oga, sai dai mu yi maka rajistar wannan fasaha," in ji shi.

Wani abu kuma: haƙorana biyu na gaba na sama sun mutu, da ɗan dasashin bayansu. In na gatsi goro sai in ji kamar da haƙorin katako na gatsa. Na kira likita cikin tsoro, ya ce akwai jijiya da ke bin shamakin hanci ta gangara ta ɓullo a bayan waɗannan haƙora, in an yi aiki a wurin takan firgita, kuma akasari tana dawowa cikin makonni ko watanni. Leɓena na sama ma ya yi nauyi, murmushina bai kai inda ya saba kaiwa ba. Ƙamshin abinci yana zuwa rabi-rabi.

Lahadi, 24 ga Nuwamba

Yau mako shida saura kwana ɗaya, na yi sujada ta farko har ƙasa. Na shimfiɗa darduma biyu, na sauke goshi a hankali, hancin ya ɗan shafi ƙasa. Ban ji taɓawar ba sam, sai dai wani nauyi can ciki kusa da ido, kamar an danna sanda daga tsini ta isar da saƙo sama. Haka ɗin ne ma, sanda ce aka kafa.

Wajen alwala, malam ya ce shaƙa ruwa da fyacewa sunna ne a mazhabarmu ta Malikiyya, mai larura in ya bari alwalarsa ta yi. Yanzu ina ɗan jiƙa bakin hancin ne kawai.

Laraba, 11 ga Disamba

Hunturu ya sauka da hazonsa, kuma hancina bai ji daɗinsa ba. Ciki ya bushe, ɓawo yana taruwa ya toshe hanya, in ya ɓalle sai ɗan jini ya biyo. Da asuba tsinin hancin yakan yi sanyi ƙalau kamar ƙarfen keke, ya yi ta zogi. Ga ƙurar hanya, ga burbushin yadi a shago. Dare uku ban yi barcin kirki ba. Na shiga wani kemis na faɗi damuwata, aka ba ni maganin fesawa na mura, naira 3,800. Fesa ɗaya, ko minti biyar ba a yi ba hanci ya buɗe wayam. Na yi barci kamar jariri.

Juma'a, 27 ga Disamba

Kwalba ta biyu. Ɗinkin bukukuwan ƙarshen shekara ya yi yawa, ban je ganin likita ba.

Alhamis, 9 ga Janairu, 2025

Yau na sha faɗa, kuma na cancanta. Maganin da na fara da fesa ɗaya da dare ya koma sau biyu, ya koma sau biyar, har na kai ina ajiye shi a aljihun gaba tare da tef. In ya sake ni, hancin yakan toshe fiye da yadda yake kafin a yi aikin. Na fara raya wa kaina cewa aikin ne ya lalace, dashen ya zame ya rufe hanya, kuɗin Yaya sun tafi a banza. Da wannan zargin na shiga wurin likita.

Ya leƙa da fitilarsa, ya ɗago ya ce, "Me kake fesawa?" Na ciro kwalbar. Ya karanta, ya ajiye ta a gefensa bai mayar mini ba. Ya ce irin wannan magani matse jijiyoyin jinin cikin hanci yake yi, shi ya sa hanya ke buɗewa nan take, amma ba a wuce kwana uku zuwa biyar ana amfani da shi. In aka zarce, da zarar ya saki sai naman ciki ya kumbura fiye da da, mutum ya ƙara fesawa, haka za a yi ta zagaye. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne da ya tuna mini cewa guringuntsin da aka dasa daga wannan fatar yake ci, ni kuma wata guda ina shaƙe mata jini da hannuna. "Malam, ka taɓa rasa guringuntsi sau ɗaya saboda yunwa," ya ce. Ban sake cewa uffan ba.

Dashen yana nan daram, alhamdu lillahi. An canza mini wani maganin fesawa mai rage kumburi a hankali, wanda sai ya yi kwanaki kafin a ji aikinsa, 9,200. Zan daina na farkon a ƙofar hagu tukuna, bayan mako in daina a dama. Ruwan gishiri ya koma sau huɗu, da ɗan man shafawa a bakin hanci, da takunkumi a shago da kan hanya.

Talata, 21 ga Janairu

Daren farko huɗu sun yi wuya, a zaune na kwana baki buɗe. Yanzu kwana biyar ban taɓa kwalbar ba, uwargida ma ta jefar da ragowar da ta samu a ƙarƙashin matashi. Tana shanya jiƙaƙƙen tawul a ɗaki da dare don iskar ta yi laushi. Haƙoran gaba sun fara dawowa, na ji sanyin ruwan randa a kansu.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ina zaune a tabarma bayan isha, 'yar auta na kan cinyata tana wasa, sai ta yi baya da kai da ƙarfi, ƙeyarta ta sauka a kan hancina. Na ji wani ƙas a ciki. Hawaye ya zubo, jini ya ɗan ɗiga ta hagu. Yarinya ta tsorata tana "Abba yi haƙuri", ni kuma na kasa ko rarrashinta, ina riƙe da fuska ina lissafin naira dubu ɗari bakwai.

Hancin da aka haife ni da shi, in an buge shi lanƙwasawa yake ya dawo. Wannan ba ya lanƙwasa, duk bugun sai ya wuce ciki. Na sa ƙanƙara a tsumma na ɗora a gefe. Jinin ya tsaya cikin minti goma. Na tuna abin da ya faru shekara uku baya, don haka na haska fitilar waya a madubi ina neman wani kumburi ja a jikin shamakin. Ban gani ba, iska na wucewa ta ko'ina. Duk da haka na kira likita a daren, ya ce in hanci ya toshe gaba ɗaya ko ciwo ya ƙaru in taho ko ƙarfe nawa ne, in ba haka ba mu haɗu Alhamis.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Bugun bai yi ɓarna ba. Amma da likita ya sa ni na kalli sama ya tsaya ta bayan kaina yana duban karan hancin daga goshi, ya ce akwai 'yar karkata zuwa dama a tsakiya. Na ce yarinya ce. Ya ciro hoton da ya ɗauka a Janairu ya nuna mini, tun lokacin tana nan, kumburi ne ya ɓoye ta.

Guringuntsin haƙarƙari a lanƙwashe Allah ya halicce shi, kuma akwai ja a cikinsa, bayansa na ja, cikinsa na turawa. In aka fere gefe ɗaya fiye da ɗaya sai ya lanƙwashe. Shi ya sa suke ferewa daidai ta kowane gefe su ɗauki tsakiya, su jiƙa shi a ruwan gishiri su jira su ga inda zai nufa kafin su dasa. Duk da haka wani yakan ci gaba da motsi bayan watanni. Wannan bayani bai yi mini wuyar ganewa ba. Yadin da aka yanka ba bisa zarensa ba, ranar da aka ɗinka lafiya lau yake, sai an wanke shi sau biyu ƙafar wando ta fara juyawa. Bambancin kawai, ni in na yi haka sai in biya mai kaya.

Ya ce kada a taɓa komai sai shekara ta cika, a ga inda zai tsaya.

Sai maganar tabon ƙirji. Ya tashi ya yi tudu, ya yi duhu, yana ƙaiƙayi musamman in na yi gumi. Ya tambaye ni ko a danginmu akwai mai irin wannan, na tuna kunnen Goggo da ya yi ƙullutu bayan huji. Ya ce baƙar fata ta fi saurin yin irin wannan tabo, ƙirji kuma na cikin wuraren da ya fi so. An yi mini allura a cikin tabon kansa, zafinta ya fi na cire ɗinki nesa ba kusa ba. Za a maimaita bayan mako shida, kuma ya gargaɗe ni wurin na iya yin haske fiye da sauran fata. Allura 12,000, man silikon na shafawa 18,000.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar Asabar. Wanke hanci ya koma bayan buɗa baki da lokacin sahur, tunda ruwan yakan gangara maƙogwaro. Da rana cikin hanci yakan bushe ƙamas, ga zafin bazara ya fara. Na lura in na ci abu mai gishiri da yawa da dare, ko na kwana ba matashi, da safe hancin ya fi girma, zuwa la'asar ya sauka. Uwargida ta ce tana gane yawan magin da ta sa a miya daga hancina.

Alhamis, 27 ga Maris

Ɗinkin salla ya kusa kashe mu. Mako biyu muna kwana a shago, janareta na hayaƙi, kaina a sunkuye kan keke. Ranar Litinin na ji wani tsini a cikin ƙofar hagu kamar ƙaya. Talata wurin ya yi ja, gefen tsinin hancin ya ɗau zafi. Jiya na ji wari a hancina wanda ba kowa ke ji ba sai ni, na goga auduga ta fito da ɗigon mugunya.

Kaya arba'in da ɗaya ne a rataye ba a gama ba, salla saura kwana uku ko huɗu. Na yi niyyar in bari sai bayan salla. Yaya ne ya zo karɓar kayan yaransa, ya dube ni ya ce, "Kai, tashi mu tafi. Wancan karon ma haka ka ce." Ya ɗauke ni a mashin ɗinsa.

Ashe wani zare ne daga cikin waɗanda aka ɗaure dashen da su, irin wanda ba ya narkewa, ya huda fata ya leƙo, ƙwayoyin cuta suka bi shi. Likita ya kama shi da ɗan hantsaki ya yanke, bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Ya ce a hancin da aka yi wa dashe, ja da zafi da wari ba abin jira ba ne, domin maganin da ke tafiya cikin jini da ƙyar yake isa guringuntsi, in mugunya ta zauna a kansa tana iya cinye shi cikin kwanaki. An ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta na kwana goma, sau biyu a rana, ya dace da sahur da buɗa baki. Da man shafawa, 16,400. An yi allurar tabo ta biyu, 12,000. Kaya shida na mayar wa masu su da haƙuri, biyu sun yi fushi.

Juma'a, 4 ga Afrilu

An yi salla ranar Lahadi. Ja ya tafi, wari ya tafi. An sake dubawa jiya, ba abin da ya narke.

Litinin, 19 ga Mayu

Tsinin hancin ya fara farkawa, kuma farkawar ba daɗi. Wani lokaci kamar tururuwa na tafiya a ƙarƙashin fata, wani lokaci tsit kamar wutar lantarki ta ɗan ja ni. Mafi ban haushi shi ne ƙaiƙayin da in na sosa ba ya jin susar, sai in yi ta shafa wuri ina neman inda yake. Likita ya ce jijiyoyin da aka ɗaga tare da fata ne ke sake tsirowa, alama ce mai kyau.

Na kuma lura ƙofa ɗaya takan fi buɗewa, bayan wasu awoyi su yi musanya. Na ɗauka wata sabuwar matsala ce, ashe haka hancin yawancin mutane yake yi, ni ne na manta saboda shekara uku ba na numfashi ta nan.

Laraba, 2 ga Yuli

Damina ta yi wa hancina daɗi, ba ɓawo, ba jini. Wanki sau ɗaya a rana. Allurar tabo ta uku, ya kwanta sosai, ya ɗan yi fari a gefe.

Asabar, 16 ga Agusta

Na ɗaga kan keken ɗinki ni kaɗai don a gyara, na ji ja a wurin haƙarƙarin, ya yi kwana biyu yana tuna mini. In na danna wurin akwai ɗan rami da yatsa ke faɗawa. In an yi ruwa da dare gari ya yi sanyi, nan ma yakan ɗan yi tsami.

Hancin a ido ya zama nawa, mutanen da ba su san ni da ba ba sa lura da komai. A hannu ne bai zama ba. Tsinin ba ya motsi hagu ko dama, in na yi dariya sosai sai in ji leɓe na ja shi kuma ya ƙi biyowa. Kwanciya rub da ciki ta gagare ni. Wanzami ma na hana shi kama mini hanci in zai gyara gashin baki.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Shekara ɗaya da kwana biyu. Likita ya jera hotuna huɗu a kan tebur. Karkatar tana nan, amma daga Mayu zuwa yau ba ta ƙaru ba, yana ganin ta tsaya. Tsawon karan bai ragu ba, wato jiki bai shanye dashen ba, ko da yake ya ce wannan abu ne da ake ci gaba da dubawa shekaru. Shamakin ba huji. Ya ce in na taɓa jin fito a hanci lokacin numfashi, ko ɓawo da jini suka ƙi ƙarewa a wuri ɗaya, in zo a duba.

Ji ya dawo kusan duka, saura wani ɗan wuri kamar ƙwayar wake a ƙasan tsinin da har yanzu bai san yatsana ba. Ya ce yana iya dawowa, yana iya zama haka. Taurin kuwa zai ɗan ragu, amma kada in sa ran laushin da.

Ya tambaye ni ko ina son a sake buɗewa a goge karkatar. Ya faɗa mini gaskiya cewa aiki na biyu ya fi na farko wuya saboda tabon ciki, kuma za a koma farkon kumburi da mutuwar fata. Na ce, "Likita, ranka ya daɗe, numfashi na zo nema, na kuma samu. A bar ta." Uwargida da ke gefe ta ce ita dai tunda minshari ya tafi, ko hancin ya kalli Dukku ba ruwanta.

Na haɗa lissafi daren jiya. Kafin aiki da aikin kansa 783,000. Bayan aiki, magani da allurai da man tabo da kuɗin ganin likita da na mota, 187,000 da 'yan kai, ban sa kwalaben da na saya da gangancina ba. Wannan kashi na biyu ban tanade shi ba ko kaɗan, daga kuɗin shago ya riƙa fita. Saura 90,000 in gama biyan Yaya, ko da yake ya ce in bari.

Hunturu saura wata ɗaya da 'yan kwanaki. Na sayi takunkumi kwali ɗaya, gishiri marar haɗi, da sabon sirinji biyu. Zan koma wanki sau uku tun ranar da hazo ya fara, ba sai hanci ya toshe ba. Teburin yanka zan matsar da shi bakin taga, janareta kuma ya koma bayan shago. Ganin likita na gaba, Afrilu, bayan ƙaramar salla.